Yadda Ingila ta koyi zama ba daula

Jama'a, akwai lokacin da ake cewa rana ba ta faɗuwa a daular Ingila, in ta faɗi a Indiya to tana fitowa a Kanada. To ya suka ji da abin ya kuɓuce musu?

Indiya da Pakistan sun tafi tun 1947, amma a Landan ana ta jin kai har yanzu su ne. Abin da ya farkar da su Suez ne, 1956. Shugaba Nasser na Masar ya karɓe mashigin ruwan Suez ɗin, Ingila ta haɗa baki da Faransa da Isra'ila suka kai hari, a fagen daga kam suna samun nasara, sai Eisenhower na Amurka ya ce bai san zancen ba, ya toshe musu hanyar samun rance ga fam na ta zubewa, ba shiri suka janye, Firaminista Eden ya sauka a Janairun 1957. Wanda ake bi bashi ai ba ya ɗaga murya, bashin da suka ci wajen Amurka bayan yaƙin duniya na biyu sai 2006 fa suka gama biya.

Kiɗa ya canza, dole rawa ta canza. Gana ta samu 'yanci 1957, Najeriya 1960, aka yi ta sauke tuta. Sai suka koma wa dabara, suka manne wa Amurka, suka riƙe Commonwealth, wato ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, suka ƙara ƙarfin rediyo, sashen Hausa na BBC ma a 1957 ɗin aka buɗe shi. Ni a ganina nan suka fi wayo, soja ya tafi amma murya ta zauna a zaure.

Turai kuma? Shugaba De Gaulle na Faransa sau biyu yana rufe musu ƙofar shiga ƙungiyar ƙasashen Turai, 1963 da 1967, sai 1973 suka shiga, a 2016 kuma suka kaɗa ƙuri'ar fita, har yau dai ba su gama sanin inda za su zauna ba.

A 1997 suka miƙa wa Sin Hong Kong. Jirgin ruwan Sarauniya, Britannia, shi ya kwashe gwamna na ƙarshe da Yarima Charles cikin dare, a shekarar aka yi wa jirgin ritaya, yanzu yana Edinburgh 'yan yawon buɗe ido na sayen tikiti suna shiga kallo.