Jawabin Maraba Ga Mai Girma Kwamishiniyar Lafiya A Taron Sake Duba Manhajar Aikin Jinya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Hajiya Kwamishiniya, iyayenmu sistoci da ungozomomi da suka yi ritaya, abokan aiki malamai, 'ya'yana ɗalibai, barkanmu da wannan rana. Ranki ya daɗe, a madadin wannan makaranta ina yi miki maraba lale. Mun san yawan aikin da kika ajiye kika taho, Allah Ya saka da alheri.

Hajiya, sana'ar nan da muke alfahari da ita, a tsarinta na asibiti, tare da Turawan mulkin mallaka ta iso mana, kuma ba don mu aka fara kawo ta ba. A 1896 aka kafa ƙungiya a Ingila don tura ma'aikatan jinya zuwa ƙasashen da suke mulka, da farko domin kula da jami'ansu da iyalansu. 'Yan ƙasa kuwa sai wanke miki da ɗaukar fo. Ko Kofoworola Pratt, wadda ta yi karatu a makarantar koyon jinya ta Nightingale da ke Landan, da ta dawo Najeriya a 1954 an fara hana ta muƙamin sistar ɗaki, wato shugabar nas-nas na ɗakin marasa lafiya, domin na Turawa ne a lokacin. Sai a 1964 ta zama 'yar ƙasa ta farko da ta riƙe muƙamin metiron, wato shugabar ma'aikatan jinya, a asibitin koyarwa na Ibadan.

Muƙamai sun dawo hannunmu, amma littafin bai dawo ba. Nan ne abin ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Ɗalibarmu tana karanta cewa wanda numfashi ya gaza masa fatarsa kan koma shuɗiya, wanda jini ya yi wa ƙaranci kan yi fari fat, kumburi kuma ja ne. A jikin wa? Ranar da ta tsaya gaban baƙin mutum sai ta rasa abin da aka ce ta nema, sai wata tsohuwar sista ta kama hannunta ta nuna mata cikin ido, harshe, dasashi da tafin hannu. Wannan ilimi bai kamata ya tsaya a bakin tsofaffi ba. Hatta na'urar da ake maƙala wa yatsa don auna iskar da ke cikin jini, an gano takan nuna adadi sama da na gaskiya a fata mai duhu, kuma ɗalibai da yawa ba su taɓa jin haka a aji ba.

Haka tarihi. Kowace ɗaliba ta san Florence Nightingale, kuma ta cancanci a san ta. Amma ina Mary Seacole 'yar Jamaika, wadda ta yi jinyar sojoji a yaƙin Kirimiya kamar yadda Nightingale ta yi, ba a kafa mata mutum-mutumi a Landan ba sai 2016? Ina Rufaida Al-Aslamiyya, sahabiyar da ta yi jinyar masu rauni a tantinta a Madina? Ina Cecilia Makiwane ta Afirka ta Kudu, da ta samu rajistar aikin jinya tun 1908?

Gyara mai yiwuwa ne. A New Zealand, wata ma'aikaciyar jinya 'yar ƙabilar Maori, Irihapeti Ramsden, ta dage har a 1992 aka sa mutunta al'adar majinyaci cikin abin da ake jarraba ɗalibai a kai.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi, Hajiya. Muna roƙon ki tsaya mana a gaban hukumar da ke kula da manhaja, a samar da littattafai masu hoton fatar da muke jinya, a koyar da ɗalibai yi wa mara lafiya bayani da harshen da yake ji. Sannan a dubi albashi da kayan aiki. Waɗanda muka horar da kuɗin talakawa suna ta tafiya Ingila, kuma ban ga laifinsu ba, ganin yadda nas ɗaya ke kwana da ɗaki cike da marasa lafiya.

Malamanmu sun shirya daftarin gyaran, yanzu za a miƙa miki shi. Allah Ya ƙara girma, Ya mai da ke gida lafiya. Bismillah, ranki ya daɗe, ga abin magana.