Sharhi: An ƙirga famfo, ba a tambayi mai ɗebo ruwa ba

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro. Yau sharhin namu kan ruwa ne da abinci, da yadda rashinsu ke taɓa lafiyar uwa da ɗanta, kuma zan fara da wani abu da ya daɗe yana ba ni mamaki. Shekara da shekaru in ana so a san ko mutane na da ruwa, famfo ake ƙirgawa da rijiyoyi, a rubuta a takarda gari kaza na da famfo kaza, shi ke nan an gama. To famfon yana zubowa kuwa? Ko sau ɗaya a mako yake tari ya yi shiru? Wannan takarda ba ta faɗa.

A 2019 wasu masu bincike ƙarƙashin Sera Young ta Jami'ar Northwestern a Amurka suka fito da wani ma'aunin matsalar ruwa a gidaje da ake kira HWISE, tambayoyi 12 ne kacal kan makonni huɗun da suka wuce, aka gwada su a ƙasashe sama da 20. Ku ji irin tambayoyin fa. Sau nawa wani a gidan nan ya kwana da ƙishi. Sau nawa aka fasa wanki ko wanka, ko aka kasa wanke hannu bayan an taɓa ƙazanta. Sau nawa aka ji kunya saboda matsalar ruwa, eh har kunya suka tambaya, kuma duk macen da ta taɓa fasa zuwa awo don ba ta samu ruwan wanka ba ta san wannan tambayar ba wasa ba ce. Amma wadda ta fi tsaya min a rai ita ce, sau nawa aka canza abin da za a ci don babu ruwan girki. Nan ne ruwa da abinci suka haɗe, domin hatsi na iya kasancewa a ɗaki amma a kwana da yunwa, ko a koma cin abin da ba ya buƙatar wankewa da dahuwa mai tsawo ko da ba shi da amfani a jiki.

Yanzu ku kalli mai juna biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ce a 2022 mutum biliyan 2.2 ba su da tsabtataccen ruwan sha da za su dogara da shi, kuma a gidajen da sai an fita ɗebowa, bakwai cikin goma mata da 'yan mata ne ke zuwa. Jarka mai lita 20 nauyinta kilo 20 ne, ta ɗora a ka da ciki wata takwas, ta yi sawu biyu ko uku, ƙarfin da ya kamata ya tafi ga ɗan cikin ya ƙare a hanya, ga shi dama sama da kashi ɗaya bisa uku na masu ciki a duniya na fama da ƙarancin jini. Ta haihu, an ce ta ba da nono zalla wata shida, shawara ce mai kyau ƙwarai don nonon kansa kusan duk ruwa ne, jariri ba ya buƙatar ƙari, amma uwar da ta bar shi sa'a biyu tana layi, wa zai hana a ɗura mai ruwa in ya yi ta tsala kuka? Daga nan sai gudawa, kuma yaron da ke yawan gudawa ko me ya ci ba ya zama a jikinsa, hanjin ya riga ya jigata. A 2022 yara 'yan ƙasa da shekara biyar miliyan 148 ne suka tsumbure, kuma yawanci ɓarnar a kwana 1000 na farko take faruwa, daga ɗaukar ciki zuwa cika shekara biyu.

To sai ga inda binciken ya ba da mamaki. An yi manyan gwaje-gwaje a Bangaladash da Kenya da Zimbabuwe don a ga ko tsabta za ta rage tsumburewar yara, sakamako ya fito a 2018 da 2019, aka raba kulorin na sawa a ruwa, aka gina masai, aka ba da sabulu da wurin wanke hannu, a Zimbabuwe har ɗan keɓaɓɓen wurin wasa aka ba yara don kar su riƙa cusa ƙasa da kashin kaji a baki. Aka auna tsawon yaran, shiru, ba su fi yaran gidajen da ba a ba waɗannan kayan ba. Ƙarin abinci mai gina jiki ne ya ɗan taimaka, shi ma kaɗan. A Bangaladash dai gudawa ta ragu.

Wasu za su ce ashe tsabta ba ta da amfani, a'a ba haka masu binciken suka ce ba, cewa suka yi abin da aka yi ya yi kaɗan ga yawan ƙazantar da yaro ke rarrafe a ciki. Ni kuma a nawa ganin, sabulu a gidan da ake auna ruwa da kofi ado ne kawai, uwar da ta rage mata rabin jarka da yamma za ta zaɓi girki ne kafin wanke hannu, kuma ban ga laifinta ba. Abin da ake buƙata ruwa ne ya shigo har cikin gida, kullum, mai yawa, wannan kuwa aikin bututu ne da kasafin kuɗi, ya fi ƙarfin ƙwayar kulorin.

Mu ɗan je hutu, in mun dawo za mu buɗe layi, kuma yau iyaye mata nake so su fara kira.