Fita yawon ƙafa da yara a gandun Sawaro na Arizona

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena, malamai da 'yan'uwa, barkanmu da yamma. An ce in yi magana kan fita daji da iyali, ni kuma na zaɓi in tsaya a wuri ɗaya, gandun dajin Sawaro da ke gefen birnin Tusan a jihar Arizona ta Amurka, cikin hamadar Sonora.

Gwamnatin Amurka ta keɓe wurin a 1933, sannan ta mayar da shi gandun ƙasa a 1994. Kashi biyu ne, ɗaya gabas da birnin, ɗaya yamma. Duk wannan ɗawainiya kuwa saboda tsiro guda ne, sawaro, wani dogon kaktus, wato irin tsiron hamada mai ƙaya da ke tara ruwa a jikinsa, wanda ba ya fitowa da kansa a ko'ina a duniya sai a wannan hamada.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, ba sai kun yi doguwar tafiya ba. A ɓangaren yamma akwai 'yar hanya shimfiɗaɗɗiya da ba ta kai kilomita 1 ba, ta gabas ma ta fi ta gajarta, har keken guragu da keken jarirai suna bi. Babba mai sauri zai gama ta kafin shayi ya huce, ya fito bai ga komai ba. Wanda ya bi takun ƙaramin yaronsa shi ne zai ci riba.

Ku tsaya da yaro a gindin bishiyar falo-barde, mai koren jiki, ku leƙa ƙarƙashinta. Sau da yawa za ku tarar da ɗan sawaro a laɓe, bai kai tsawon yatsa ba. Ku gaya wa yaron cewa wannan ɗan mitsitsin zai iya kai shekara 10, watakila ya girme shi. Inuwar bishiyar ce ke kare shi daga rana da sanyin hunturu, shi ya sa ba kasafai yake rayuwa a fili ba. Sai ku ɗaga kai ku dubi babban sawaro, mai tsawon mita 10 ko fiye. Ba ya fitar da reshensa na farko sai ya haura shekara 50, wani lokaci 70, kuma yakan rayu shekara 150 har zuwa 200. Ku duba jikinsa da kyau: layi-layi ne masu lotsawa. Idan ruwa ya sauka, saiwoyinsa da ke kwance dab da saman ƙasa su zuƙe shi da sauri, layukan su buɗe, jikin ya kumbura. Da rani ya yi nisa sai ya sake tsukewa. Ramukan da za ku gani can sama aikin makwaƙwafi ne. In ya tashi, wata 'yar ƙaramar mujiya ta gaje ɗakin. Subhanallah.

Wajen watan Mayu yake fure fari, ya buɗe da dare, jemagu su sha ruwan furen, da safe kurciya da ƙudan zuma su karɓa. A watan Yuni 'ya'yan su nuna, cikinsu ja wur. Mutanen Tohono O'odham, 'yan asalin yankin, har yau suna kaɗo su da doguwar gora da suke haɗawa da haƙarƙarin mataccen sawaro, kuma da wannan girbi shekararsu ke farawa.

To amma fa, jama'a, sauƙin hanya bai rage zafin rana ba. Da bazara zafi yana wuce digiri 40, kuma inuwa ƙalilan ce. Ku je tsakanin Nuwamba da Maris, ko ku yi sammako. Kowa da gorar ruwansa, da hula, da takalmi rufaffe, ban da silifa. Ma'aikatan gandun suna da ƙa'ida mai kyau: da zarar rabin ruwanka ya ƙare, juya. Kada yaro ya zura hannu ƙarƙashin dutse, don akwai maciji mai kacau-kacau a jela. Daga Yuli zuwa Satumba kuma a guji busassun koramu, ambaliya tana zuwa ko da hadarin a nesa ya zuba.

Akwai kuma coya, gajeren kaktus da gaɓoɓinsa ke ɓallewa su maƙale a ƙafa kamar ƙarangiya, sai dai ƙayarsa ta fi shiga. Kada uwa ta sa hannu ta cire. A tafi da matajin kai a aljihu, a zura shi tsakanin fata da ƙayar, a fizge.

Ƙarangiyar nan ma tana da 'yar'uwa a can, kuma ita ce babban abin da ke damun gandun. Wata ciyawa ce daga Afirka da Asiya, dangin ƙarangiya, da aka kai Amurka a shekarun 1930 don kiwon shanu. Ta bazu, ta cike filayen da a da tsirara suke tsakanin tsirrai. In ta bushe gobara ta samu hanya, sawaro kuwa bai saba da wuta ba. Abin yana min ciwo ƙwarai: tsiron da ya shekara 150 yana tsaye ya ƙone a yini ɗaya, ciyawar kuma ta sake tohowa da ruwan farko. Shi ya sa da sanyin safiya za ku ga 'yan sa-kai a kan tuddai da diga da ƙarfen haƙa, suna tumɓuke ta tushe bayan tushe.