Daga wayar tangaraho zuwa akwatin rediyo: laccar da aka gabatar a Maraɗi

Assalamu alaikum. Iyayena, malamai, 'yan'uwa, na gode. Na baya, kuna ji na? To madalla.

Kakanninmu a nan Maraɗi, labari bai fi doki gudu ba a wurinsu. Fatake ke kawo shi daga Kano ko Katsina, sanƙira ya shelanta abin da fada ta yarda a ji. Can Amurka, a 1844, Samuel Morse ya aika saƙo ta waya daga Washinton zuwa Baltimo, a 1866 kuma waya ta ratsa ƙarƙashin tekun Atlantika ta zauna daram. Saƙon da jirgin ruwa ke kwana goma yana ɗauke da shi ya koma isa a yini guda.

Amma ku tambayi kanku, wa ya ci moriyarta da ta iso ƙasarmu? Faransawa sun kafa turakun waya ne domin barikokinsu su ji juna, umarni ya fito daga Damagaram, bayan 1926 kuma daga Yamai. Sai kamfanonin sayen gyaɗa, waɗanda ke sanin farashin Turai tun manomin Tibiri bai ɗaure buhunsa ba. Kafin ka buga waya sai ka je gidan waya, ka biya kuɗi kan kowace kalma, ka sami ɗan lakwal, wato ɗan boko, ya rubuta maka. Talaka ya ga waya bisa kansa, bai san me ke gudu a cikinta ba.

Rediyo ce ta juya lissafin, domin kunne ba ya buƙatar lakwal. Marconi ya tsallaka Atlantika da sigina ba waya a 1901, amma mu tamu ranar ta zo ne a ƙarshen mulkin mallaka da farkon 'yancin kai: BBC ta fara Hausa a 1957, Rediyon Nijar ta buɗe a 1958, Rediyon Kaduna ta biyo a 1962. Ga ƙananan akwatuna masu batir sun shigo kasuwa, makiyayi ma ya rataya tasa a kafaɗa. Kuma muryar Kaduna ba ta tsayawa kan iyaka a Ɗan Isa ta nuna takarda. Makaɗin da a da sai mai shiga fada ke jinsa, matan kulle suka haddace waƙarsa suna daka. Tafsirin azumi ya shiga ɗakuna, gaisuwar ɗan ci-rani ta iske uwarsa a ƙauye.

(Wani dattijo ya ce: "Da kokawa!") Gaskiyarka, Baba. Tun da aka fara gasar takobi, wato gasar kokawa ta ƙasa, a Tawa a 1975, ƙasa duka ke kasa kunne.

Masu mulki ma sun gane ƙarfinta sarai. Ranar 15 ga Afrilu 1974, da sojoji suka kifar da Diori Hamani, ta rediyo mutanen Maraɗi suka ji cewa Seyni Kountché ne ke riƙe da ƙasa.