Kifin nan mai tsalle da ke yawo a WhatsApp

Sada: Jama'a barkanmu da yamma daga Katsina, ni da Bishir ne da Yaya Hauwa. Tun shekaranjiya wayata ba ta huta ba kan bidiyon nan, kowa tambayarshi ɗaya, wai wane kifi ne ke tsalle haka, kuma ko za a iya zuba shi a dam ɗin Jibiya ko Ajiwa.

Bishir: Ni ma kawuna mai kiwon tarwaɗa ya turo man, har ya fara lissafin kandami.

Sada: To ya dakata tukuna. Turawa na ce mashi malet, masana kuma Mugil cephalus, sunan da wani masanin halittu, Linnaeus, ya ba shi tun 1758. Kifin gaɓar teku ne, duk inda ruwa ke da ɗumi kusan zaka same shi, Legas akwai, Masar akwai, Amurka, Japan. Abin da ya sa nake son kifin nan, ruwan gishiri bai dame shi ba, ruwan daɗi bai dame shi ba, sai ya baro teku ya shigo bakin kogi yai ta kiwo abinshi, amma in lokacin ƙwai ya yi dole su haɗu garke guda su koma cikin teku, can suke zubawa. Ka ga dam ɗinmu ina hanyar teku?

Hauwa: Kenan ko ya rayu ba zai hayayyafa ba.

Sada: Shi ne maganar, Yaya. Ko Masar da suka fi kowa kiwonshi, yawanci ƙananan suke kamowa a bakin teku su kai kandami.

Hauwa: To mi yake ci?

Sada: Laka. Yana surar laka a ƙasan ruwa ya tace gansakuka da ruɓaɓɓen ganye, shi ya sa ba ya cika kama fatsa ba, sai raga. Kuma cikinshi akwai wani abu mai tauri kamar ƙundun kaza, da shi yake niƙa.

Bishir: Ƙundu? To in an soya na maigida ne kenan.

Hauwa: Kai Bishir, mu gidanmu in ƙundu ya ɓace a tukunya ranar ba mai barci, Inna sai ta jera mu tana duba hannun kowa.

Bishir: Mu auta ake ba.

Hauwa: Haba! A wace unguwa?

Bishir: Ƙofar Sauri mana, ki tambaya.

Hauwa: Zan ko tambaya, don ban taɓa jin an ba yaro ƙundu ga babanshi zaune ba.

Sada: Ku bari in faɗi na ƙwan. A Italiya ana sa mashi gishiri a shanya, sunanshi bottarga, a Japan karasumi, tsada gare shi sosai. Misirawa kuma kifin suke jiƙawa da gishiri ya daɗe, fasikh, su ci ranar bikin Sham el-Nessim.

Bishir: Tsallen fa, Malam? Shi aka tambaye mu.

Sada: Wani tsallen na gudun manyan kifaye ne, wasu masana kuma na ganin iska yake shaƙa in ruwan ya yi ƙarancinta... kai, ga kiran magariba nan. Sai mako mai zuwa, a gaida kawu.