Modak: abincin bikin Ganesh a gidajen Maharashtara

Auta: Jama'a barkanmu da warhaka. Yau Yaya ta shigo mana da kwano a rufe, ƙamshin kwakwa duk ya cika ɗakin. Yaya, me ke ciki?

Yaya: Modak ne, Auta. A garin Pune da ke jihar Maharashtara na koya, lokacin da nake karatu a Indiya, wurin wata dattijuwa maƙwabciyarmu. Mabiya addinin Hindu ke yin sa a bikin Ganesh Chaturthi, wanda ke faɗowa tsakanin Agusta da Satumba, a watansu na Bhadrapada. Kwana 10 ake yi ana biki.

Auta: Ganesh, abin bautarsu mai kan giwa ɗin nan?

Yaya: Shi. A imaninsu, duk cikin abinci ba wanda yake so kamar modak, shi ya sa suke jera guda 21 a gabansa kafin mutanen gida su ci. Da can a cikin gida ake bikin. A 1893 ne Bal Gangadhar Tilak, ɗan gwagwarmayar neman 'yanci, ya mai da shi taron jama'a, don mutane su samu hanyar haɗuwa a zamanin mulkin Ingila. Amma shi modak ɗin har yau a madafin gida ya fi daɗi.

Auta: To buɗe mu gani. Kai! Kamar kan tafarnuwa, fari tas, da tsini a sama.

Yaya: Ɓare ɗaya ki ga cikinsa.

Auta: Wallahi mazarƙwaila nake ji.

Yaya: Ita ce. Su suna ce mata gul, daga rake ake yin ta kamar tamu. Sai ki goge ɗanyar kwakwa kofi 2, ki zuba mazarƙwaila kofi 1, ki ɗora a wuta kaɗan kina juyawa har ruwan ya tsotse, ki barbaɗa garin elaichi, wato kadamom, wani kayan ƙamshi. Kada ki bari ya daɗe, in ya wuce lokaci yana hucewa zai daskare kamar alewa. Wannan haɗin shi suke kira saran.

Auta: Wannan ai mai sauƙi ne. Ina wahalar take?

Yaya: A ƙullun. Ruwa kofi 1 za ki tafasa da ɗan gishiri da ƙaramin cokali na man shanu, ki zuba garin shinkafa kofi 1, ki tuƙa da sauri kamar tuwo, ki rufe tukunya minti 5. Daga nan sai murzawa, kuma da zafinsa ake murzawa. Ranar da na fara, na tsaya jiran ya huce. Duk wanda na naɗe sai ya tsage, mazarƙwaila ta tsiyaye. Dattijuwar nan ba ta ce min komai ba. Ta tsoma hannu a ruwan sanyi, ta shafa man shanu a tafinta, ta danna ƙullu yana tururi. Na ga tafin hannunta ya yi ja, amma ba ta ɗaga ba sai da ya yi santsi.

Auta: Me ya sa dole sai da zafi?

Yaya: Garin shinkafa ba shi da danƙon da alkama ke da shi. Tafasasshen ruwa ne ke dafa shi ya kama jikinsa, in ya huce kafin a murza, ba zai haɗu ba. Sunansa ma daga nan ya fito, ukadiche modak, domin ukad shi ne wannan dafaffen ƙullun.

Auta: Naɗin fa? Na ga layi-layi a jikinsa.

Yaya: Nan ake gane gwana. Ki ɗebi ƙullu kamar lemun tsami, ki buɗe shi da manyan yatsunki ya zama ɗan ƙoƙo, bakinsa siriri. Ki zuba saran a tsakiya, ki bi gefen kina tsunkula, sannan ki tattaro su sama su haɗu. Akwai ɗan mazubi da ake sayarwa a kasuwa mai fitar da siffar nan take, amma ni ban yarda da shi ba. Na hannu ya fi laushi, kuma zaman da ake yi a ƙasa, kaka da jikoki kowa na naɗin nasa, shi ne rabin bikin.

Auta: Sai a soya?

Yaya: Akwai na suya da garin alkama, yana kwanaki bai lalace ba. Wannan kuwa turarawa ake yi, irin yadda muke dambu. A shimfiɗa ganyen ayaba ko na kurkur a madambaci, minti 10 zuwa 12. A kudancin Indiya, jihar Tamil Nadu, kozhukattai suke ce masa.

Auta: Na cinye na biyu fa.

Yaya: Tsaya, ba haka ake ci ba. Fasa tsinin, miƙo in zuba miki man shanu a ciki tun yana da ɗumi.