A Kaduna ake yi wa ƙwaro dariya?

Jama'a masu sauraro, a makon jiya wata malamar kimiyya a wata sakandare a nan Kaduna ta kawo shawara a taron iyaye da malamai. Ta ce a shirya wa ɗalibai gasar rubutu a kan ƙwari, kowa ya ɗauki ƙwaro guda ya yi bayaninsa yadda mai sayar da kayan miya zai ji ya gane. Sai wani bawan Allah ya miƙe ya ce, "Malama, yara na fama da lissafi, ke kina zancen kiyashi?" Aka kwashe da dariya, aka rufe zancen. Ina zaune a wurin, kuma har yanzu raina a ɓace yake.

A jihar Kaduna ake yi wa ƙwaro dariya? Mun manta 2016 ke nan, shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta lashe gonakin tumatir, har gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta?

Ku saurari yadda take ɓarna. Wani ɗan ƙwaro mai tashi da dare, wanda asalinsa daga Kudancin Amurka ne, shi ke saka ƙwai a ganye. Da tsutsar ta ƙyanƙyashe sai ta huda ta shige cikin ganyen, tsakanin fatar sama da ta ƙasa, ta yi ta ci. Ɗaga ganyen ga hasken rana, za ka ga farin tabo, ita kuwa tana kwance a ciki. Shi ya sa manomi zai yi ta feshi, kuɗinsa na ƙarewa, maganin bai kai gare ta ba. Bayanin nan bai ɗauke ni minti ɗaya ba. Masana sun san shi. Wa ya rubuta shi yadda manomi zai gane?

Ilimin fa a ƙofar gidanmu yake. Hedikwatar cibiyar binciken ƙudan tsando, mai jawo ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu, a garin nan take. A Samaru, cibiyar binciken aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello ta fitar da irin wake SAMPEA 20-T a 2019, wanda ke jure wa tsutsar da ke huda ɓawon wake. Amma yawancin abin da aka gano yana cikin rahotannin Turanci, masana na karanta wa junansu. Wa zai kai shi ruga? Wa zai kai shi fadama yadda manomi zai gane?

Batun lissafi kuwa hujja ce maras ƙarfi. Yaron da ya tsuguna yana ƙirga ƙwan sauro a kaskon ruwan kaji, me yake yi in ba lissafi ba?

Tsorona ɗaya ne, kada yara su kwaso daga intanet su sa sunansu. Maganinsa a gindaya sharaɗi: sai ƙwaron da ka gani da idonka, garar da ta ci azarar ɗakinku ko ƙwaron da ya mai da waken rumbunku gari. A kuma ba su dama su rubuta da Hausa, a sa manomi cikin alƙalan gasar. In bai gane ba, rubutun bai ci ba.

Malama, ki sake kawo shawarar nan a taro na gaba. Zan zo, kuma zan taho da ganyen tumatir.